Yaya matasa masu wa'azin cocin Mormon suke rayuwa?

Tambayarmu ta fito daga Malama Hadiza a Kaduna. Ta ce: "Don Allah ku yi mini bayani kan samarin cocin Mormon masu fita wa'azi. Yaya rayuwarsu take?"

To Malama Hadiza, mun gode. Joseph Smith ne ya kafa wannan coci a Amurka a shekarar 1830, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake City a jihar Utah. Saurayi yakan tafi wa'azi daga shekara 18, ya yi shekara biyu, budurwa kuma shekara ɗaya da rabi. Cocin ne ke zaɓa masa inda za shi, shi da iyayensa ke ɗaukar nauyin kuɗin. Akwai cibiyar horar da su a Accra, babban birnin Ghana.

Bibbiyu suke yawo, ba sa rabuwa. Za ki gan su da farar riga da laktaye, da baƙin bajo mai ɗauke da suna a ƙirji. Da sassafe sukan tashi su yi addu'a, su karanta Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, sannan su fita, a ƙafa ko a keke. Wani gida a ba su tabarma a saurare su, wani a sallame su tun daga ƙofa. Wannan ne ke koya musu haƙuri, da harshen mutanen garin.

Ba sa shan giya, taba, kofi ko shayi. Rana ɗaya a mako sukan yi wanki da cefane, su kira gida.