Yadda za ka kulle kwamfutar shago ta tsaya kan burauza

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Abule Egba. Yaran da ke zuwa duba sakamakon JAMB da WAEC suna cika min kwamfuta da wasanni. Yaya zan hana su?

Amsa: Malam, in dai Windows 10 ko 11 Pro ce a kanta, maganin yana cikinta. Shiga Settings, sai Accounts, wajen sauran masu amfani za ka ga Kiosk. Buɗe sabon asusu, ka zaɓi Microsoft Edge a matsayin burauzar jama'a, ka sa mintunan da za ta goge komai in an bar ta ba a taɓa ba. Wannan gogewar ta fi hana wasa muhimmanci, domin yaro kan tashi ya bar lambar rajistarsa a buɗe. Windows Home ba ta da wannan tsari, in za ka sayi kwamfuta sai ka tambaya tun a Computer Village ta Ikeja kafin ka biya.

Asusun mai gida kuwa a sa masa kalmar sirri mai wuya, haka ma BIOS, a kuma hana kwamfutar tashi daga filasha. Yaran sun san wannan hanyar. Ka haɗa mata UPS saboda ɗaukewar wuta.