Tseren Hakone: Yadda Sanyi Ke Kama Mai Gumi

A ranakun 2 da 3 ga watan Janairu na kowace shekara, lokacin da hunturu ya kankama a ƙasar Japan, ɗaliban jami'o'in yankin Tokyo kan yi wani tsere a kan titin mota da ake kira Hakone Ekiden. An fara shi a shekarar 1920 da makarantu huɗu kacal. Tazararsa kilomita 217 ce, daga tsakiyar birnin Tokyo zuwa bakin tafkin Ashi da ke cikin duwatsun Hakone, sannan a komo washegari. Kowace ƙungiya tana da mutum goma, abokan karatu da atisaye, kowa da zangonsa. Abin da suke miƙa wa juna wani ƙyalle ne da ake ratayawa a kafaɗa, sunansa tasuki. Idan mutum ɗaya ya kasa kai shi, an fitar da ƙungiyar daga lissafi, wahalar sauran tara ta tashi a banza.

Zango na biyar shi ne mai ban tsoro. Tsawonsa kilomita 20.8, ya taso daga garin Odawara da ke kusa da bakin teku, ya yi ta hawa har zuwa tsayin mita 874. Abin mamaki, a nan ne ake samun matashi mai jini a jika, gumi na zuba daga jikinsa, amma sanyi ya kama shi har ya riƙa tangaɗi kamar mashayi. Ta yaya hakan ke faruwa?

A fara da lissafin aiki. Domin a ɗaga abu sama, sai an rinjayi ƙarfin da ƙasa ke jawo shi da shi. Ana gano yawan aikin idan aka ninka nauyin abin da 10, sannan da tsayin da aka kai shi. Ɗan tsere mai nauyin kilo 60 da ya hau mita 800 ya yi aikin jul 480,000 ke nan, ban da na gudun kansa. Sai dai tsoka ba ta iya tattali ba: kashi ɗaya cikin huɗu kawai na makamashin da ta ƙona ke zama motsi, sauran ukun zafi ne. Watau mai hawan dutse murhu ne mai tafiya, kuma jiki kan fitar da gumi don kada zafinsa ya zarce digiri 37 da yawa. Gumin yana sanyaya fata ne yayin da yake zama tururi, tamkar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Amma iska tana ƙara sanyi gwargwadon hawa, kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000. Wannan ne dalilin da ya sa Jos ta fi Kano sanyi a mafi yawan watannin shekara. Saboda haka ɗan tseren zai tarar da ƙolin ya fi inda ya taso sanyi da wajen digiri 5, ga shi cikin 'yar shara jiƙe sharkaf, ga iskar dutse tana kaɗawa.

Muddin yana gudu da ƙarfi, babu matsala, domin zafin da yake samarwa ya ishe shi. Haɗarin yana zuwa ne idan sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta ya yi ƙasa. Sai saurinsa ya ragu, wutar murhun ta lafa, alhali jiƙaƙƙiyar riga da iska ba su daina kwasar zafi ba. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, sai karkarwa, sai ruɗewar tunani, ƙafa ta daina jin umarni. Mafi muni, wanda ya ruɗe ba ya gane halin da yake ciki, kuma nauyin abokai tara da ke kafaɗarsa ba ya barin sa ya tsaya. Shi ya sa kociya ke biye da shi a mota, kuma shi ke da ikon tsayar da shi ko da yana ƙi. Daga shekarar 2006 zuwa 2016 zangon ya haura kilomita 23. A 2017 aka rage shi, kuma cikin dalilan da aka bayar har da sanyi da ƙarancin sukari da ke kama masu hawan.

Malami zai iya nuna wannan a aji da ma'aunin zafi guda biyu. A naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, a bar ɗayan a bushe, a yi musu fifita na minti biyar, ɗalibai su rubuta abin da kowanne ya nuna. Da safiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, bambancin ya fi fitowa.