Yadda Ake Haɗa Sassan Layin Dogo na Wasa

Ko da yake jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, reshensa kuma ya bi ta Ringim ya kai Nguru a 1930, mutanen Gaya da Ajingi ba su sami rabon ganinsa a ƙofar gida ba, sai yanzu da aka ɗauko aikin sabon reshe daga Kano zuwa Dutse ta ƙasar Gaya. Saboda haka ya kyautu malamin makaranta, ko uban da 'ya'yansa suka gwanance wajen ƙera motar kara, ya shimfiɗa musu ɗan layin dogo bisa falankai, sashe-sashe, yadda za a iya rabawa a jingine a zaure, a sake haɗawa ran da aka bukata.

Sharaɗi na farko shi ne falankan su zama kauri ɗaya, tsawon kowane kamar kamu biyu, kafinta ya goge bakinsu ya miƙe sarai. A ƙarƙashin kowane baki a buga guntun katako a gicciye, sa'an nan a kifa falankai biyu bisa daɓe mai laushi, baki da baki, a ɗaure su tamau, a huda guntayen nan biyu tare da juna, huda ɗaya ta ratsa su duka, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wanda ya huda kowane dabam, kome ƙwarewarsa da awo, lalle sai ramukan sun saɓa. A feƙe turaku biyu na itace mai tauri, a kafe su a gefe guda, ɗaya gefen kuwa su riƙa shiga suna fita ba tare da girgiɗi ba.

Bayan wannan sai mizani, watau ɗan itace mai tsaga biyu wanda zai hukunta ratar da ke tsakanin dogaye biyu na layin tun daga farko har ƙarshe, kada kuwa a sake wani. Hikimar haka a fili take, domin faɗin tsohon layin Nijeriya milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa wancan.

Dogon kansa a tsago shi daga bayan tukurwa, gama sillen kara, duk da yara sun fi sabawa da shi, ba ya jimrin ƙusa. A nan ne farillar aikin take: a bar falankan a haɗe, a shimfiɗa dogon ɗungum ya ƙetare mahaɗar, a kafe shi da ƙananan ƙusoshi dab da bakin kowane falanki, sai an tabbata ya zauna tukuna a sa zarto mai siririn baki a yanke shi daidai kan mahaɗar. Abin da aka yanka a wurinsa ba shi da dalilin karkacewa. Ratar da zarton ya bari kada a cike ta, gama katako yakan kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Mustahabbi ne a ɗan goge kaifin bakunan, kuma makaruhi ne mahaɗa ta faɗo kan kwana. A bar aƙalla taƙi guda miƙaƙƙe kafin lanƙwasa.

Daga nan a tura tarago ɗaya sannu a hankali, a bi mahaɗar da ɗan yatsa. In an ji tudu, a cusa kwali ƙarƙashin sashen da ya yi ƙasa. Mai son kowane sashe ya dace da kowane sai ya zana gurbin turaku da na dogo a kwali guda, ya riƙa kwafa daga gare shi.

In an tashi ajiya, a ɗora sassan bisa duwatsu nesa da bango, domin garar ƙasarmu ba ta raga wa tukurwa.