AWON TAGA DOMIN ƊINKA LABULE

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana wata kunya ce da na sha a gidanmu a hutun da ya wuce. Na daɗe ina shawara ko in faɗa ko in yi shiru, daga baya na ga gara in faɗa, gama da yawa daga cikinmu za su fita koyarwa ba da daɗewa ba, kuma a irin waɗannan ƙananan abubuwa ne mutanen gari su ke gwada ilmin malami.

Ga yadda abin ya faru. Mahaifina ya gama ginin sabon ɗaki na bulo mai tagogi 3. Mahaifiyata kuwa ta sayar da gyaɗar da ta noma, ta ware kuɗin labule, domin muna sauraron baƙi, watau iyayen saurayin da ke neman ƙanwata. Da na iso gida sai ta ce, "To, ga Malam ya zo. Kai ne mai lissafi, auna mana ka gaya mini yadi nawa zan saya." Na ɗauki tef ɗin awo ina jin kaina, na auna taga ɗaya, na sami faɗinta inci 48, tsawonta ma inci 48. Na ce a raina, yadi ɗaya da rabi inci 54 ne, ya rufe taga har da ragowa. Tagogi 3, yadi 4½ ke nan. Ran kasuwa muka tafi tare, har na sa mai kanti ya yanka shi kashi uku, wai don in rage wa tela aiki.

Telan wani dattijo ne wanda ya ɗinka mini kayan makaranta tun ina ƙaramin yaro. Ya shimfiɗa yadin, ya dube shi, ya dube ni, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wa ya yi awon nan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Ka auna faɗin yadin kuwa?" Na yi shiru. Ya ɗora tef, sai ga inci 45. Ya ce, "Tagarku 48, yadinku 45, ban ma yi kalmasa ba tukuna. Ina wurin sanda? Ina tattara? Wannan ai tuta ka sayo, ba labule ba." Mama ba ta ce uffan ba sai da muka kama hanya, ta ce, "Ba kome, Malam." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Yadin da aka yanka ba ya komawa kanti, kuɗin gyaɗa kuma sun ƙare. Ran da baƙi suka zo zannuwanta muka rataya a tagogin, yadin nan kuwa rigunan matashin kai aka yi da shi.

Washegari na koma wurin dattijon nan na zauna kusa da kekensa, ya koya mini. Abin da ke biye nasa ne, ni dai na sa shi cikin lissafi irin na makaranta.

Babban kuskurena shi ne na auna taga. Mai son labule sanda ya kan auna, gama a jikin sanda labule ya ke rataye, ba a jikin gilashi ba. Saboda haka kafin a taɓa tef sai a tsai da wurin da sanda za ta zauna, in ma da hali a kafa ta tukuna. A kan ɗaga ta sama da bakin taga kamar inci 6, ta kuma zarce taga da inci 6 dama, inci 6 hagu. Dalilin zarcewar nan biyu ne. Da dare in an ja labule ga fitila a ɗaki, mai wucewa ba zai hango ciki ta gefe ba. Da rana kuwa in an buɗe, labulen zai taru a kan bango, ya bar wa haske da iska hanya. Tagarmu mai inci 48, sandarta inci 60 ke nan. A duba kuma ko tagar ciki ta ke buɗewa, ko kuwa mai gilashi jere-jere ce wadda hannunta ya fito waje, domin ƙarfen da ke riƙe sanda ya nisanta ta da bango yadda labule ba zai riƙa sarƙewa ba.

Game da abin awo, a nemi tef na ƙarfe irin na kafinta. Na tela mai laushi ne, an yi shi don zagaya jiki, ya kan lanƙwashe a tsakiya in an miƙa shi a iska, in ya tsufa kuma ya kan ƙara tsawo. Galibinsa ma inci 60 ne kaɗai, ba ya kai wa daga sanda zuwa ƙasa. A sami mutum biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya karanta, a rubuta nan take, faɗi tukuna sa'an nan tsawo. Kada a ce tagogin duk ɗaya ne a auna guda a bar sauran, yadda na yi. Da na sake auna namu, ɗaya ta fi 'yan'uwanta da inci ɗaya da rabi, ko da ya ke magini ɗaya ne ya yi su.

Akwai wata matsala da ta shafe mu malamai musamman. Littattafan lissafi da mu ke koyarwa da su mita da santimita su ke amfani da su, gama Nijeriya ta koma wannan awo tun cikin shekarun 1970, amma har yau 'yan kasuwa da yadi su ke sayarwa, teloli kuma da inci su ke aiki. Tun 1959 aka daidaita cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi ɗaya kuwa, mai inci 36, santimita 91.44 ne. Watau mita ta fi yadi da inci 3 da ɗan kai. Yawancin tef fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya, wanda bai lura ba sai ya karanta faɗi da wannan, tsawo da wancan. Shawarata ita ce, tun da da yadi za a saya, a yi awon duka da inci. Kakata da kamu ta ke awo, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamar rabin yadi, ban kuwa taɓa jin ta yi asara ba, domin hannun da ya auna a gida shi ne ya ke aunawa a kasuwa. Aiko wani da "kamu shida" shi ne haɗari, gama hannuwa ba ɗaya ba ne.

To, yanzu sai tattara, wadda ita ce ta fi cin yadi, ita ce kuma ban san da ita ba ko kaɗan. Labule ba a miƙe ya ke ratayuwa kamar allo ba. In faɗinsa daidai ya ke da sanda, da ƙyar zai haɗu a tsakiya, iska kaɗan ta buɗe shi, ga shi kuma ba kyan gani. Don haka a kan ninka tsawon sanda sau 2. Mai ƙaramin ƙarfi ya iya yin sau 1½, kada dai a gaza haka. Yadi mai shara-shara ya kan so sau 2½ ko 3, in ba haka ba ana ganin mutum ta cikinsa. Ni a ganina, in kuɗi sun yi kaɗan, gara a sayi yadi mai araha a yi masa tattara sosai da a sayi mai tsada a tsuke shi. Da na san haka da Mama ta zaɓi wani yadi dabam, kuɗinta kuma da sun kai ta wani wuri. Sandarmu inci 60, sau 2, inci 120 ke nan na faɗi.

Yadi ɗaya ba shi da wannan faɗi, sai an haɗa falle da falle. A nan ne tambayar dattijo ta shigo: nawa ne faɗin yadin? Waɗansu 45 ne, waɗansu 54, waɗansu 60, lalle ne a auna a kanti, kada a dogara ga faɗar baki. A raba faɗin da a ke bukata da faɗin yadin. In an raba 120 da 45 za a sami 2 da ragowar 30. Ragowar nan ba a yar da ita kamar yadda yara su kan yi a aji, falle guda ce cikakkiya, saboda haka falle 3 za a saya. Falle 3 inci 135 ne, rarar inci 15 ita za ta tafi wajen ɗinkin haɗi da kalmasar gefe. Da ya ke labule biyu a ke so, na dama da na hagu, tela zai tsaga falle ɗaya biyu a tsaye, ko wane labule ya sami falle ɗaya da rabi, a sa rabin ta wajen bango inda ɗinkin ba zai fito fili ba.

Saura tsawo. Daga sanda a ke farawa, a sauko zuwa inda a ke so labule ya tsaya. In gajere a ke so, ya wuce gindin taga da inci 6. Namu ke nan inci 6 na sama, da 48 na taga, da 6 na ƙasa, jimla 60. In kuwa dogo a ke so har ƙasa, a auna wuri uku, dama da tsakiya da hagu, gama daɓen ɗaki ba safai ya ke zama daidai ba, a ɗauki mafi gajarta a rage inci 1, domin kada ya riƙa sharar ƙura ko ya jiƙe sa'ad da a ke goge ɗaki. A ɗakin girki, ko inda a ke ajiye fitilar kananzir ko kyandir, gajere ya fi, saboda gobara. In da zobba za a rataya shi, daga ƙarƙashin zobe a ke fara awo, ba daga kan sanda ba.

Wannan inci 60 tsawon labule ne bayan an gama ɗinki, ba shi ne tsawon da za a yanka ba. A ƙara inci 4 na sama, inda a ke naɗewa a yi wa sanda hanya kamar ƙubakar wando da a ke zura zariya. A ƙara inci 6 na kalmasar ƙasa, wadda a kan ninka sau biyu don ta yi nauyi labule ya sauka sosai. Yadin auduga kuma ya kan tsuke in ya sha ruwa, saboda haka a ƙara inci 2, mafi kyau ma a jiƙa shi a shanya a goge kafin almakashi ya taɓa shi. Ga lissafin duka:

Tsawon falle: 60 + 4 + 6 + 2 = inci 72
Falle 3: 72 × 3 = inci 216
A yadi: 216 ÷ 36 = yadi 6

Yadi 6 ga taga ɗaya, yadi 18 ga tagogi 3. Ni kuwa 4½ na sa aka saya, watau kashi ɗaya cikin huɗu daidai. Da na gama lissafin a gaban dattijo ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce, "Ka ga, da ka ƙara hamsin ma da ka ci rabin jarrabawa." Ban gaya masa cewa lissafinsa ma bai fita ba.

Abu biyu za su iya sake wannan lissafi. Na fari, yadi mai manyan furanni ko zāne. Dole zānen ya dace a wurin haɗi, na dama kuma ya yi daidai da na hagu, in ba haka ba fure ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai a auna daga kan fure zuwa kan irinsa na gaba, a ce inci 20 ne. Tsawon falle sai ya zama abin da 20 za ta raba ba ragowa, watau 72 ta koma 80, falle 3 inci 240, yadi 6 da kashi biyu cikin uku, sai a sayi 7. Na biyu, akwai yadin labule mai faɗi ƙwarai, kamar inci 110, wanda a ke juya shi faɗinsa ya zama tsawon labule. Shi ba ruwansa da ƙidayar falle. Inci 120 ɗin nan na faɗi, da ɗan ƙari saboda kalmasar gefe, su za a saya, yadi 3½ ya isa taga ɗaya. Kada tsadar yadi ɗaya nasa ta kori mutum tun bai yi lissafi ba.

Da na dawo koleji aka tura mu gwajin koyarwa, sai na gwada wannan da 'yan aji shida maimakon lissafin da ke cikin littafi. Na raba su ƙungiya-ƙungiya, ko wace ƙungiya da tagarta a ajin. A ciki akwai tarawa, da ninkawa, da rabawa mai ragowa, da juya inci zuwa yadi, ba wanda ya yi gyangyaɗi. Kusan dukansu sun yar da ragowar nan ta 30 kamar yadda aka saba, sai wata yarinya, 'yar tela ce, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in an bar ta ai tsakiyar taga a buɗe ta ke."

Ga wanda na ba su su tafi da shi gida, ku ma ku gwada. Taga mai faɗin inci 72, tsawo inci 48, daga gindinta zuwa ƙasa inci 36. Ana son labule dogo har ƙasa, yadin kuwa faɗinsa inci 54 ne, ba shi da fure. Yadi nawa za a saya? Ku lura da ragowar da za ta fito wajen rabawa, gama 'yar kaɗan ce, sai kun yanke shawara ko ta isa a ƙara falle dominta ko kuwa a rage tattara. Wanda ya samu ya same ni bayan cin abincin yamma mu gwada amsa, ya zo da dalilinsa.