DARASIN WANNAN WATA: TAFIYA CIKIN KURMI ZUWA MATSIRGAR MIDDLEHAM

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Akwai wani ƙaramin tsibiri mai suna Dominika a Tekun Karibiyan, can wajen nahiyar Amurka. Tsawonsa kimanin kilomita 47 ne kawai. Mutanensa kimanin 70,000 ne. Sunan babban birninsa Roseau. Ya sami mulkin kai daga Ingila a shekarar 1978. Yawancin mutanensa jikokin 'yan Afirka ne waɗanda aka kai can a zamanin cinikin bayi.

Baƙi suna zuwa tsibirin daga ƙasashe masu nisa domin su ga kurmi da matsirga. Matsirga ita ce wurin da ruwan kogi yake zubowa daga kan dutse zuwa ƙasa. Ɗaya daga cikin manyan matsirgun tsibirin ita ce ta Middleham. Tsayinta ya kai kimanin mita 60.

ME YA SA RUWA YA YI YAWA A CAN?

Tsakiyar tsibirin duk duwatsu ne masu tsawo. Iska tana tasowa daga teku ta wajen gabas, ɗauke da laima. Idan ta iske duwatsun, sai ta hau sama. Can sama akwai sanyi, saboda haka laimar sai ta zama gajimare, ruwa ya sauko. A wasu wurare na kan duwatsun, ruwan shekara yakan wuce milimita 7,000. Wannan ya ninka ruwan daminar Kano fiye da sau 6.

Itatuwan kurmi su ne suke riƙe wannan ruwa. Ganye yana tare ƙarfin ruwan sama. Busasshen ganyen da ya zube yana shanye shi kamar soso. Saiwoyi suna riƙe ƙasa don kada ta zaizaye. Daga nan ruwan sai ya riƙa fitowa sannu a hankali, yana shiga rafuffuka. Shi ya sa matsirga take zuba ko da an kwana biyu ba a yi ruwa ba.

A shekarar 1975 gwamnati ta keɓe wannan kurmi ya zama gandun daji. Sunansa Morne Trois Pitons, wato dutse mai kawuna 3. Faɗinsa ya kusa hekta 7,000. An hana sare itace da farauta a cikinsa. A shekarar 1997 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren gado na duniya.

YADDA AKE TAFIYAR

Mota ba ta kaiwa bakin matsirgar. A ƙafa ake zuwa. Hanya ɗaya tana tashi daga kusa da ƙauyen Laudat, wata kuma daga ƙauyen Cochrane. Tafiyar takan ɗauki kimanin awa 1 zuwa, awa 1 dawowa. Baƙo yana biyan kuɗin shiga gandun. Baƙi da yawa sukan ɗauki ɗan jagora, domin Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Ɗan jagora yana gaba, baƙi suna biye da shi. Da farko hanya tana hawa tudu. An jera guntayen itace a wasu wurare kamar matakala. Akwai taɓo, akwai santsi. Ana tsallake ƙananan rafuffuka a kan duwatsu. Itatuwa sun haɗe kai can sama, har hasken rana ba ya isa ƙasa sosai.

A hanya ɗan jagora yakan tsaya ya yi bayani. Yakan nuna wani dogon itace mai suna gommier. Wannan itace yana fid da ƙaro mai ƙanshi wanda yake kama wuta. Mutanen Kalinago, waɗanda suke zaune a tsibirin tun kafin zuwan Turawa, suna sassaƙa kwalekwale da gangar jikinsa. Yakan kuma sa baƙi su yi shiru su saurari tsuntsaye. Tsibirin yana da irin aku guda 2 waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai can. Hoton ɗayansu, mai suna sisserou, shi ne a jikin tutar ƙasar. Babu maciji mai dafi a tsibirin.

Tun kafin a ga matsirgar ake jin rugugin ruwa. Daga nan hanya sai ta gangara. Ruwan yana faɗowa cikin wani gurbi mai zurfi da sanyi ƙwarai. Feshinsa yana jiƙa wanda ya matso kusa.

DOKOKIN ƊAN JAGORA

1. A sa takalmi mai kama ƙasa.
2. A riƙe ruwan sha da ɗan guzuri.
3. Kada kowa ya bar hanya, kada kuma ya rabu da 'yan'uwansa.
4. Kada a tsinke tsiro, kada a yar da leda ko kwalba.
5. Idan ruwan rafi ya canja launi ko ya fara ƙaruwa, a fita nan da nan. Ana iya yin ruwa can kan dutse, rafi ya kawo ba zato, alhali a ƙasa ko yayyafi babu.

AMFANIN KURMI GA MUTANEN ƘAUYE

A da, ayaba ce babbar hanyar samun kuɗin manoman Dominika. Daga shekarun 1990 kasuwarta a Turai ta ja baya. Mutane da yawa suka nemi wata sana'a. Wasu suka zama 'yan jagora, wasu direbobi, wasu masu sayar da abinci ga baƙi. Kogunan da suke fitowa daga kurmin suna ba jama'a ruwan sha. Suna kuma juya injinan wutar lantarki a Laudat da Trafalgar.

A watan Satumba na shekarar 2017 wata mahaukaciyar guguwa mai suna Maria ta auka wa tsibirin. Ta yaye rufin yawancin gidaje. Ta kakkaɓe ganyen itatuwa, ta karya da yawa, ta toshe hanyoyin kurmi. Baƙi suka ragu, 'yan jagora suka rasa aiki. Amma da yake saiwoyi suna nan a ƙasa, itatuwa suka sake toho. Ma'aikata suka share hanyoyi, baƙi suka dawo.

Da an sare kurmin an sayar, da kuɗin sau ɗaya za a samu. Da yake an bar shi a tsaye, yana ba da ruwa da wuta da aikin yi kowace shekara.

TAMBAYOYI

1. Mene ne tsibiri? Mece ce matsirga?
2. Yaya itatuwa suke riƙe ruwan sama?
3. A wace shekara aka keɓe gandun dajin?
4. Me ya sa ake fita daga rafi idan ruwansa ya canja launi?
5. Waɗanne abubuwa 3 mutanen Dominika suke samu daga kurmi?

AIKI: Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen itatuwa 5 da suke bakin rafi ko fadamar ƙauyensu, da amfanin kowanne. A kawo wa malami a aji na gaba.