Darasi Na Goma Sha Huɗu: Gani Da Ji, Ibadar Kiristoci A Birnin Jidda

Karatu

Hausawa na cewa, "Gani ya kori ji." Ma'ana, abin da ido ya shaida ya fi labarin da kunne ya ɗauka ƙarfi. Wannan magana gaskiya ce a kasuwa da gaban alƙali. To amma yaya za a yi da abin da ido ba zai taɓa kaiwa gare shi ba? Wannan darasi zai dubi yadda Kiristocin da ke zaune a Jidda suke bauta wa Allah wanda ba a gani, da kuma kalmomin da Hausa ke amfani da su wajen bayyana wannan hali.

Jidda tana bakin Bahar Maliya, a yammacin ƙasar Saudiyya. Tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, wajen shekarar 647, aka mai da ita mashigar Makka ta teku. Shi ya sa sunanta ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin a nan alhazai da yawa suke sauka, kuma akwai Hausawan da suka daɗe da zama a can, waɗanda ake kira Takari. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, amma yana iya zama a Jidda. Saboda haka birnin ya tara ma'aikata Kiristoci daga Filifin da Indiya da Habasha da Masar da Labanan da sauran ƙasashe. Daga cikinsu akwai injiniyoyi da ma'aikatan jinya da direbobi da masu aikin gida.

A Wusasa ko a Sabon Garin Kano, Kirista yana ganin majami'arsa da idonsa, ya ga gicciye a samanta, ya ga jama'a sun yi ado ran Lahadi. A Jidda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dokar Saudiyya ba ta yarda da gina majami'a ba, ba ta kuma yarda da ibadar wani addini a bainar jama'a ba. Hatta ranar Lahadi ranar aiki ce, domin tun 2013 hutun mako Juma'a da Asabar ne. Don haka da yawa sukan taru ran Juma'a a ɗakin wani daga cikinsu, su rufe ƙofa, su sassauta murya. Babban wurin da ke nuna dadewar Kiristoci a birnin shi ne maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, kusa da tsohuwar unguwar Balad.

Wannan taro na cikin gida ma bai rasa haɗari ba. A watan Disamba na 2011 an kama Kiristocin Habasha 35, yawancinsu mata, suna addu'a a wani gida a Jidda, daga baya aka mayar da su ƙasarsu a 2012. A 2016 gwamnati ta rage ikon 'yan hisba, har ta hana su kama mutane, al'amura suka ɗan sassauta. Duk da haka hanin gina majami'a yana nan. Mabiya ɗarikar Katolika na ƙasar suna ƙarƙashin bishop da ke zaune a Baharain, inda aka buɗe babbar majami'arsu a 2021.

To, me ya rage wa mai bi idan babu gini, babu ƙararrawa, wani lokaci ma babu limamin coci? Kiristoci sukan amsa cewa abin da ya rage shi ne asalin al'amarin. A koyarwarsu, ikkilisiya jama'a ce, ba bango da rufi ba. Suna kafa hujja da sura ta 18 ta Bisharar Matiyu, inda Yesu ya yi alkawarin kasancewa tare da masu taruwa da sunansa, komai ƙarancinsu. Suna kuma tuna labarin Toma a sura ta 20 ta Bisharar Yohanna. Shi ne almajirin da ya ƙi yarda da labarin tashin Yesu sai ya gani da idonsa. Toma dai ya riƙe "gani ya kori ji", amma darasin labarin shi ne, albarka ta fi tabbata ga wanda ya gaskata ba tare da ya gani ba.

A nan ne Hausa take nuna wadatarta. Fi'ilin "ji" bai tsaya ga kunne kaɗai ba. Bahaushe yana jin magana, yana jin sanyi, yana jin ƙanshi, yana jin tsoro, yana kuma jin Hausa. Saboda haka idan Kirista Bahaushe ya ce, "Na ji Allah yana tare da ni," ba yana nufin wata murya ta shiga kunnensa ba. Yana nufin zuciyarsa ta natsu, tsoro ya ragu, ya sami ƙarfin da bai san daga ina ya zo ba. Kiristoci suna danganta wannan natsuwa ga Ruhu Mai Tsarki. Malamansu kuma sukan ja kunne cewa bangaskiya ba ta dogara ga wannan jin kaɗai, domin akwai ranakun da mai addu'a ba ya jin komai, amma ya ci gaba da dogara.

Ɗalibi zai lura cewa Kirista da Musulmi Hausawa duka "Allah" suke cewa. Haka sunan yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, bayan aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokansa. Musulmi yana maganar imani da gaibu, yana kuma maganar ihsani, wato bauta wa Allah kamar ana ganinsa. Addinan biyu sun saɓa a kan manyan al'amura, musamman matsayin Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Amma dukansu sun yarda cewa idon ɗan Adam ba shi ne ma'aunin gaskiya na ƙarshe ba.

Muhimman Kalmomi

- bangaskiya: gaskatawa da dogara ga Allah, Kiristoci sun fi amfani da ita, Musulmi kuwa "imani".
- majami'a: ginin da Kiristoci ke taruwa, a maganar yau da kullum, "coci".
- ikkilisiya: jama'ar masu bi.
- gaibu: abin da ke ɓoye ga idon mutum da saninsa.
- bainar jama'a: a fili, gaban kowa.
- natsuwa: kwanciyar hankali da zuciya.

Nahawu

1. Fi'ilin "gani" yana sauya siffa. Kafin suna: Na ga majami'a. Kafin wakilin suna: Na gan ta. In babu abin da ke biye: Na gani.
2. "Ba ya ganuwa" yana nufin ba zai yiwu a gan shi ba. Haka ma: ba ya jiyuwa, ba ya taɓuwa. A kula: "ganuwa" ta nan gajeren wasali ne a gaɓar farko. Ganuwar birni kuwa dogon wasali gare ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa Hausawa suka san Jidda tun da daɗewa?
2. Don me Kiristocin Jidda da yawa suke taruwa ran Juma'a?
3. Mene ne bambancin "majami'a" da "ikkilisiya"?
4. Ta yaya labarin Toma ya shafi karin maganar da ta buɗe darasin?

Aiki

Rubuta jimloli shida da fi'ilin "ji", kowacce da ma'ana dabam. Sa'an nan ka bayyana, cikin sakin layi ɗaya, ko a harshenku kalma ɗaya ce take ɗaukar waɗannan ma'anoni duka.