Yadda Ake Gwada Aikin Hanta da Midazolam

Yawancin magungunan da muke haɗiya, hanta ce ke sauya musu fasali kafin jiki ya iya fitar da su. Masu yi mata wannan aiki sinadarai ne da ake kira enzayim, kuma jigonsu shi ne CYP3A4. Idan wani magani ya danne shi, sauran magungunan da enzayim ɗin ke sarrafawa sai su taru a jini. Haka ta faru da tafenadin, maganin atishawa da ƙaiƙayi: waɗanda suka haɗa shi da ketokonazol, maganin da ke danne wannan enzayim, bugun zuciyar wasunsu ya rikice, har aka janye shi daga kasuwar Amurka a 1998. Shi ya sa ake gwada ko sabon magani yana danne CYP3A4 tun kafin ya shiga bakin kowa.

Ma'aunin shi ne midazolam, maganin da ake kwantar da mara lafiya da shi kafin tiyata. An zaɓe shi domin kusan dangin CYP3A kaɗai ke sarrafa shi. Kamar ka kai wa mai injin niƙa mudun gero ne: garin da ya fito zai faɗa maka lafiyar injin.

Da hanta ake farawa, galibi wadda aka bayar kyauta amma ba ta dace da dashe ba. A markaɗa ta cikin sanyi, a juya ta a injin wujijjiga, a kwashe ruwan sama, a sake juya shi da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000. Ɗan dunƙulen da ya kwanta a gindin kwalba shi ne maikurosom, matattarar enzayim ɗin. Akan gauraya na mutane da yawa, don hantar wani ta fi ta wani sauri.

Sai a zuba kaɗan cikin ruwan fosfet mai ma'aunin tsami 7.4, a ɗumama zuwa digiri 37, daidai zafin jiki. A sa midazolam a kowace kwalba. Wasu a ƙara musu sabon maganin, wasu ketokonazol, wasu a bar su haka nan. Har yanzu ba abin da ya motsa, sai an ɗiga NADPH, sinadarin da ke kunna aikin.

A nan ne fa ake gane mai hannu. Mintoci kaɗan ake bayarwa, ido na kan agogo, sannan a kwarara asitonaitiril mai sanyi. Nan take ruwan ya yi dishi-dishi, aiki ya tsaya cak. Jinkiri kaɗan a kwalba ɗaya ya isa ya ɓata lissafi, kuma lissafin nan ran wani ne ke rataye da shi.

Daga nan na'ura ta auna yawan haidiroksi-midazolam da ya samu, wato abin da enzayim ya mayar da midazolam. Idan ya yi ƙasa a kwalbar sabon maganin, to maganin yana danne enzayim.

Sai dai gwajin bai kama komai ba. Rifamfisin, maganin tarin fuka, ƙara yawan enzayim ɗin yake yi, har ya rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Gano irin wannan sai da ƙwayoyin hanta masu rai, a yi kwanaki ana renonsu da maganin.